Bayan An Ɗaga Bodi: Nasiha Ga Matasan Kanikawa Da Direbobi

Ƙannena masu koyon kanikanci, da ku matasan direbobi masu sha'awar motocin shiga daji, akwai wani aiki da kuke gani a bidiyoyin Amurka da Ostareliya yana ba ku sha'awa: a kwance bodin mota daga kan shasi, a cusa dungaye masu tauri a tsakaninsu, a sa dogayen kusoshi a ɗaure, sai mota ta ƙara tsawo ta sami wurin manyan tayoyi. Ba na ce kada ku yi ba. Idan aka yi shi da sani, mota takan zauna lafiya. Abin da ke damuna shi ne abin da kan biyo baya. Mota ta fita gareji ana ta kallonta, kafin mako ya zagayo ta dawo tana zafi, ko tana fitar da giya, ko tana warin mai. Daga nan sai a shiga canki-canki: yau a sauke giyabos, gobe a sayo sabon lagireto, jibi a kira mai wayarin ya wargaje dashbod. Kuɗin mai mota ya ƙare, sunan bakanike ya ɓaci, alhali sau da yawa cutar tana inda hannu zai kai ba tare da an sayi ko noti ɗaya ba.

Ku fara da sanin yadda aka gina motar. Hilux, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1968, da Land Cruiser jerin 70 da aka soma ƙerawa a 1984, da Nissan Patrol, da Jeep Wrangler, duk hawa biyu ne. A ƙasa akwai shasi, shi ke ɗauke da injin, da giyabos, da tankin mai, da akwatin sitiyari, da ƙafafu, da bamba. A sama akwai bodi, shi ke ɗauke da kujeru, da kan sitiyari, da fedoji, da tukunyar man birki, da batir, da iyakilina, a motoci da yawa har da lagireto. Motoci irin su Corolla da RAV4 bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne, don haka wannan zancen bai shafe su ba. A mota mai hawa biyu kuwa, tsakanin sama da ƙasa akwai sanduna da tiyo-tiyo da wayoyi da kebul masu ƙetarawa, kowanne kamfani ya yanke shi daidai da tazarar da ya bari. Ran da kuka cusa dungu mai inci 2, wato santimita 5, ko mai inci 3, wato kusan santimita 8, kun ja kowane ɗaya daga cikinsu da wannan tsawon. Kamar yaron da ya kwana ya tashi ya ƙara tsawon taƙi guda ne, aka ce ya sa kayansa na jiya: wando zai ɗangale, riga ta kama shi a hammata, ɗinki ya fara saki.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace matsala, kai da motar ke hannunka, guda ɗaya ce: abin nan da ke ciwo, ina kansa yake, ina gindinsa? Idan kansa yana jikin bodi, gindinsa yana jikin shasi ko injin, shi ne abin zargi na farko. Idan kai da gindi duk suna hawa ɗaya, to ɗaga bodi ba shi da laifi, nemi dalili a wani wuri. Misali, mota ta fara karkarwa a gudun kilomita 80, sai a ce ai tun da aka ɗaga ta ne farfela ta karkace. Farfela tana tsakanin giyabos da aksul ne, dukansu a ƙasa suke, dungu bai taɓa su ba. Karkarwar ta fi kama da ta sababbin tayoyin da ba a yi wa balansin ba, ko kuma an taɓa sifirin da shokozoba a rana guda ba a faɗa maka ba. Shi ya sa mai hankali ba ya haɗa ɗaga bodi da canjin ƙafa da canjin taya a yini ɗaya. Yi ɗaya, tuƙa, saurara, sannan ka yi na biyu. Wanda ya canja abu uku lokaci guda, in matsala ta taso bai san wanda zai kama ba.

Abu na biyu shi ne ka san da me za ka fara. Mai mota zai zo maka da abin da ya fi damun kunnensa, wataƙila wata 'yar ƙara a bayan kujera. Ka saurare shi da ladabi, amma ka fara da abin da ke kisa: sitiyari, birki, mai. Sauran duk asarar dukiya ce, waɗannan ukun asarar rai ce.

Sandar sitiyari tana saukowa daga bodi ta shiga akwatin sitiyari ko rak da ke kan shasi. A ƙarshenta akwai haƙora da ke shiga cikin wani soket, da kusa guda da ke matse su. Da bodi ya hau, sandar takan zame sama, haƙoran da ke riƙe da juna su ragu. A gari ba za ka ji komai ba. Ranar da mota ta faɗa wani rami, bodi ya yi sama shasi ya yi ƙasa, ranar ce sandar kan iya zarewa, direba ya tsinci kansa yana murza kan sitiyarin da ba ya riƙe da komai. Shiga ƙarƙashi da tocila ka duba. Haƙoran da suka daɗe a rufe sukan bambanta da waɗanda suka sha ƙura. Idan ka ga sabon fili mai tsabta ya bayyana a jikin sandar, tsawonsa shi ne abin da ta zame. Kusar matsewa dole ta ratsa ta cikin tsagin da aka yi mata a jikin sandar, ba ta tsaya a bakin ƙarshe ba. Maganin shi ne ƙarin sanda da aka ƙera don wannan motar. Kada ka yanke sandar ka kai wa mai walda ya jona mata guntun rodi. Walda a sandar sitiyari ba ta nuna gajiya, rana ɗaya take ɓallewa.

Idan kuma sitiyarin ya yi tauri a wuri-wuri, yana sakewa yana kamawa sau biyu a kowane zagaye, to gaɓar kuros ɗin sandar ce ta lanƙwashe fiye da kima. Ɗaga gaban motar a jak, kashe injin, murza daga ƙarshe zuwa ƙarshe, za ka ji inda yake cijewa. Duba kuma ramin da sandar ke ratsawa a bangon da ke tsakanin injin da direba, ko tana gugar bakinsa. Akwai wata ɓarna da ake yi tun ranar aikin: an cire sandar, yaro ya zauna a kujera yana wasa da sitiyari yana wulwula shi. A motocin zamani akwai siririyar waya a naɗe a bayan kan sitiyari, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska ta kariya. In aka wulwula fiye da iyakarta sai ta tsinke. Idan bayan aiki hon ya mutu, fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa, can za ka duba. Gaba kuma kafin ka cire sandar, ɗaure kan sitiyarin da bel ɗin kujera.

Birki kuwa, tukunyarsa tana bodi, bututun ƙarfe ke sauka da man zuwa shasi. Kamfani yakan yi wa bututun 'yan naɗe-naɗe don ya riƙa shanye motsi. Ɗaga bodi yakan miƙe naɗin nan, bututu ya tsaya cak ba shi da sauran wasa, kullum girgiza tana cinsa a bakin noti har ya tsage. Taɓa shi da yatsa: in bai motsa ba ko kaɗan, a ɗaure yake. Taka feda ka riƙe da ƙarfi na ɗan lokaci. In tana nutsewa a hankali, mai na zuba a wani wuri, bi kowane noti da farin tsumma ka ga inda zai jiƙe. Kebul ɗin hambirki shi ma yakan ja, har birkin baya ya riƙa kamawa ba a ja shi ba. Alamarsa ita ce mota ta yi nauyi, ta fara shan mai, in ka kai hannu kusa da wilin baya bayan gajeriyar tafiya ka ji zafi yana huci. Tiyon kuloci ma hanyarsu ɗaya, ka duba shi a lokaci guda.

Sai mai. Bakin zuba mai yana jikin bodi, tanki yana kan shasi, tiyo mai kauri ke haɗa su, da wani siriri a gefensa mai fitar da iska. Idan mai mota ya ce a gidan mai tanki yana maido masa da mai, famfo yana ta tsayawa tun bai cika ba, to ɗayan tiyon ne ya lanƙwashe. Idan wari yake ji duk sanda ya cika tanki, babban tiyon ne ya zame daga bakinsa, saura ƙiris yake riƙe. A sa ƙari da tiyon da aka yi don mai. Tiyon ruwa mai yana cinsa, ya kumbura, ya ruɓe daga ciki. Fetur da ke ɗiga kusa da salansa mai zafi ba ya ba mutum lokacin neman guga.

In ka tabbatar da waɗannan ukun, to ka juyo kan zafi, wanda shi ne ƙorafin da ya fi yawa. A motar da lagiretonta ke jikin bodi, lagireton da zoben robar da ya kewaye fanka sun hau sama, ita kuwa fankar tana jikin injin, tana nan inda take. Ƙasan zoben ya matso kusa da fukafukan fanka. A tsaye wataƙila ba sa taɓa juna, amma da an taka totur injin ya ɗan karkata, sai ka ji kar-kar-kar. Kashe injin ka leƙa ƙasan zoben: za ka ga wani baka mai sheƙi inda roba ta goge, da garin baƙar roba a ƙasa, bakin fukafukan kuma ya yi fari-fari. Abin da ragon bakanike ke yi shi ne ya cire zoben ya jefar, ƙara ta ɗauke, mai mota ya yi godiya ya tafi. Amma zoben ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa fanka ta ja iska ta cikin lagireto maimakon ta ja ta gefe. A kan kwalta da gudu iskar hanya tana rufa asiri. Ranar da mota ta shiga rairayi, irin na hanyar Agadas zuwa Dirku, ko ta kama hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu da kaya, injin na kuka tafiya kuwa kaɗan, ranar allurar zafi za ta haye. Don haka riƙe wannan: motar da ke zafi a tafiyar hankali ta huce a gudu, iska ce ba ta samu, ba lagireto ne ya toshe ba. Gyaran gaskiya shi ne a sauke lagireton da zobensa da ƙarafan da za su mayar da su tsakiyar fanka, ko a sauke zoben kaɗai in motar ta yarda da hakan. Duba tiyon ruwa na sama da na ƙasa, da ƙananan da ke shiga hita, kada wani ya miƙe ko ya lotse a kwana. Idan an zubar da ruwa ranar aikin, mai yiwuwa iska ce ta maƙale a ciki, a fitar da ita kafin a zargi gasket.

Matsalar giya ita ce ta fi cin kuɗin mutane a banza. Wani zai zo ya ce, “Oga, tun da aka ɗaga ta, lamba biyu ba ta zama, ribas kuma sai na danne da hannu.” Kafin ka ce a sauke giyabos, tuna cewa sandar giya daga jikin giyabos ta fito, ta ratsa wani rami a daɓen bodi. Da daɓen ya hau, ramin ya koma daidai wani sashe na sandar da ke sama, inda lilonta ya fi faɗi. Sai sandar ta riƙa dukan bakin ramin, ko robar da ke rufe shi ta riƙa turo ta, tun giyar ba ta gama shiga ba. Shi ya sa giyoyin da ake ja baya, lamba biyu da huɗu, da ribas a motoci da yawa, suka fi fita. Gwajin ba ya cin ko sisi: kwance robar da murfin da ke kewaye da sandar, shafa alli a bakin ramin, zagaya da motar. In giya ta zauna daram, kuma ka ga alli a jikin sandar, ka kama ɓarawonka. A ɗan faɗaɗa ramin, a gyara zaman robar, a sa wa sandar ƙari in ta yi gajarta. Haka za ka gwada ƙaramar sandar giyar taimako, musamman shigarta 4L, domin ba a son a gane ba ta shiga sai an kafe a laka. A mota mai otomatik kuwa kebul ko sandar da ke zaɓen giya ce ke gocewa: allo ya nuna P alhali giyabos bai kulle ba, ko mota ta ƙi tashi sai an kaɗa sandar. Wannan ba abin a bari sai gobe ba ne, motar da aka ajiye a gangare tana iya tafiya da kanta.

Wuta ita ce ke sa mutane su fara zancen sammu. Akwai waya mai kauri ta nagatif da ke haɗa injin da bodi, wani lokaci da wata tsakanin bodi da shasi. Ko ta tsinke sanda ake ɗagawa, ko an kwance ta an manta, ko tana riƙe da 'yan zarurruka. Sai kik ya yi nauyi, fitilun dashbod su riƙa ƙyaftawa, allurar zafi ta hau da zarar an kunna manyan fitilu. Wuta ba ta fasa tafiya don an yanke mata hanya, wata take nema, har ta bi ta kebul ɗin totur ko na hambirki ta gasa shi. Ɗauki wayar jona batir, kama kan nagatif, kai ɗaya bakin jikin injin, sannan ka gwada jikin bodi. In alamun suka ɓace, ka gano. Mai mita zai iya aunawa tsakanin nagatif da jikin injin ana yin kik. A lafiyayyar mota abin da ke ɓacewa ba ya wuce kamar bolt 0.2 zuwa 0.3. Bi sauran damin wayoyin da hannu, duk inda ka ji ya miƙe, saki maƙalinsa ka ba shi wasa, kada ya kwanta a kan kaifin ƙarfe ko kusa da salansa.

Akwai kuma mai kisan mummuƙe, wanda ba ya ƙara ba ya kunna fitila. Tukunyar iyakilina tana bodi, tiyo mai ninki-ninki ke kai iska ga injin. In ya miƙe, yakan tsage a cikin ninkin, galibi ta ƙasa inda ido ba ya gani. Daga nan ƙura ta sami ƙofar da ba ta bi ta mataci ba. A ƙasar da harmatan ke busawa wata da watanni, wannan tsagar kaɗai ta isa ta cinye ringi da silinda. Cire tiyon ka lanƙwasa shi a rana ka duba kowane ninki. Sa yatsa ka shafo cikinsa ta ɓangaren injin. In yatsan ya fito da gari, ƙura tana shiga. A motar dizal mai tobo, tiyon da ya zame yakan sa ƙarfi ya faɗi, baƙin hayaƙi ya tashi, a ji huci in an taka.

Yanzu mu zo kan dungayen kansu. Ƙarar ƙwas-ƙwas a gargada, ko ƙofar da ta fara cijewa, ko bonet da ya daina haɗuwa daidai, duk suna nuna bodi bai zauna daidai a kan shasi ba. Sassauta dukan kusoshin, auna tazarar hagu da dama, daidaita, sannan ka ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Masu ƙera kayan nan sukan ce a sake ɗaurewa bayan kamar mil 500, wato kilomita 800, domin roba takan zauna. Ɗiga fenti daga kan noti zuwa ƙarfen da ke gefensa. In ɗigon ya rabu, notin ya juya. Duba kan kowace kusa ka ga lamba 8.8 ko 10.9. Wadda ba ta da lamba ko wata alamar ƙarfi, ta ƙofar gida ce, ba ta mota ba. Kusa in ta ƙara tsawo, ƙarfin da ke lanƙwasa ta a birkin gaggawa ko a karo yana ƙaruwa, don haka nan ba wurin neman araha ba ne. Dungu yana hawa ne a kan robar kamfani, ba ya maye gurbinta, kuma faɗinsa kada ya gaza na mazaunin, in ba haka ba zai riƙa huda daɓen har ya tsage. Na san a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai masu hannu da za su iya feƙe maka kusan komai, kuma dungu na alminiyam ko na roba mai tauri da aka feƙe bisa awo ba laifi. Abin da nake hana ku shi ne guntun famfo, da katako, da tarin wosha, da yankan tsohuwar taya. A motar ɗaukar kaya kuma a tuna cewa akwatin baya yakan jingina a kan shasi a wasu wurare ban da inda kusoshi suke. Bayan ɗagawa wuraren nan suna rataye a iska. In ba a cike su ba, buhunan farko da aka loda za su lotsa daɓen.

Bamba tana shasi, don haka za a ga giɓi tsakaninta da bodi. In aka ɗaga ta da ƙarafa don ta yi kyau, to ta zama ado, kada a ƙara ɗaura mata igiyar ja. A ja daga ƙugiyar da ke jikin shasi. Giɓin da ya buɗe a cikin madgad kuma a rufe shi da roba, don kada laka da ruwa su riƙa watsuwa kan altaneta da wayoyi. Manyan fitilu sun hau sama, a sake saita su kada ku makantar da masu tahowa.

Akwai gaskiyar da ya kamata ku faɗa wa mai mota tun kafin ya biya. Ɗaga bodi ba ya ƙara wa mota nisa daga ƙasa ko da ƙwayar gero. Shasi da aksul da tanki suna nan inda suke. Taya ce kaɗai ke ɗaga aksul, ita ma da rabin abin da ta ƙara. Taya mai lamba 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne. Mai lamba 285/75R16 kusan 834. Bambancin milimita 57, abin da cikin mota ya samu kuwa bai kai santimita 3 ba. Ga kuma abin da za a biya: tayar ta fi ta da girma da kashi 7 cikin 100, saboda haka agogon gudu yana nuna 100 mota tana gudun 107, birki yana ƙara wahala, mota tana yin nauyin tashi, mai yana ƙaruwa. Murza sitiyari har ƙarshe a kan tudu da kwari ka ga ko tayar tana gugar wani abu.

Sannan ga batun kifewa. Tun 2001 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, take auna saurin kifewar mota da wani lissafi mai sauƙi: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyin mota daga ƙasa. Duk sanda cibiyar ta hau, lambar takan ragu, mota ta fi saurin kifewa. Ɗaga bodi bai kai ɗaga ƙafa illa a nan ba, tunda injin da shasi ba su motsa ba, amma fasinja da duk kayan da aka loda sun hau tare da bodin. A Ostareliya, inda ake yawan wannan aiki, ƙa'idar gyaran ƙananan motoci da ake kira VSB 14 ta tsayar da dungun bodi a milimita 50. Su da ke da kayan aiki da masu dubawa ke nan. Mu da muke loda wa Hilux mutane da jarkoki har saman kai, bai kamata mu zarce su ba. Direban motar da aka ɗaga ya rage gudu a kwana, ya sa kaya masu nauyi a ƙasa, ya daina fizgar sitiyari don kauce wa rami.

Abin da ya rage ya shafi hali ne. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane tiyo da kowace waya da wayarka, ka rubuta duk abin da ka cire a takarda, kana mayarwa kana sokewa. Bayan aiki, kai da kanka ka fara tuƙa motar a fili, ba mai ita a kan babbar hanya da iyalinsa ba. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, tambayi maigidanka. Tambaya ba ta rage wa bakanike daraja, gawa a hanya ita ke ragewa. In mota ta zo maka daga wani gareji, gyara abin da ka gani ba tare da ka tsaya zagin wanda ya yi ba. In kuma ka duba ka ga babu ƙarin sandar sitiyari na ƙwarai a kasuwa, ko bututun birki ba shi da sauran wasa kuma ba a sami madadinsa ba, to ka dubi mai motar ka ce masa, “Alhaji, shawarata a sauke ta a mayar yadda take.” Wataƙila ransa ya ɓaci, wataƙila ya tafi wurin wanda zai yi masa walda. Kai dai ka fita haƙƙinsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ƙannena, duk motar da kuka ɗaga, rayukan da za su hau ta amana ce a wuyanku. Kada ku miƙa makulli sai kun bi duk abin da ya ƙetara daga bodi zuwa shasi, ɗaya bayan ɗaya, kun taɓa shi da hannunku kun ji yana da wasa. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare ku da waɗanda kuke ɗauka.